Tarwaɗar Babana da Bodar Jibiya

Katsina ba ta da kogi. Duk wanda ya ce maka ya taɓa iyo a cikin birnin nan, to a kududdufi ya yi, kuma ya sha duka da ya koma gida. Amma duk da haka gidanmu da ke Ƙofar Guga yana fitar da kifi zuwa ƙasar waje. Haka Baba yake faɗa yana gyara zaman hula: "Mu ai ƙasar waje muke kai kaya." Ƙasar wajen kuwa Maraɗi ce, wadda ta fi Kano kusa da mu. In ka tuna masa da haka sai ya ce, "Da wane kuɗi suke ciniki can?" Ka ce sefa. Ya ce, "To shi ke nan. Ƙasar waje."

Da Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati, abokansa wasu suka sayi babura suka ba da haya, wasu suka buɗe shago a ƙofar gida. Shi kuwa ya sa aka sare darbejiyar bayan gidanmu, aka gina kwami uku, wato manyan tankunan siminti buɗaɗɗu da suke kai wa babba ƙugu. Ya cika su da ruwa, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Duk abin da gwamnati ta sallame shi da shi, cikin ruwan nan ya shiga. Lokacin ina ajin farko a sakandare.

Aiki ya rabu ba tare da an yi taro ba. Baba ne mai ba su abinci da canza ruwa, da yi musu magana in yana zaton ba mai ji. Umma ce mai banda. Tana da ganguna biyu da aka yanke, aka ɗora musu raga, ana hura itace a ƙasa. Ni kuma ni ce mai naɗi. Idan an kashe tarwaɗa da gishiri, an wanke yauƙinta, sai in lanƙwasa ta, in kai jelarta bakinta, in soke da tsinke, ta zama zobe. Na ƙware har ina iya yi ido rufe. Illar aikin ɗaya ce, wari. Na sha tafiya makaranta maguna na biye da ni a layi kamar 'yan rakiyar amarya. Akwai wata baƙar mage da ta taɓa raka ni har aji, ta zauna, ta saurari darasin lissafi, ta ga ba riba, ta fita.

Mai sayenmu ɗaya ne tak, wani Alhaji daga Maraɗi. Dogo ne, siriri, rawaninsa kaɗai ya isa a yi wa ɗaki labule. Duk sanda kifi ya isa kamu, Baba zai buga masa waya, mu yi ta banda ba dare ba rana, sai ya iso da akori-kurarsa ya kwashe duka, ba ya barin ko kai. Kifinsa baƙi yake so, ƙirin, busasshe ƙayau, wanda in ka jefi kare da shi sai an kai karen asibiti. Dalilinsa shi ne daga Maraɗi kifin arewa yake ƙara yi, ya ratsa rana da rairayi, in da ɗan danshi a jikinsa sai ya ruɓe a hanya. Saboda haka Umma take sakar masa hayaƙi son ranta.

Alhaji ba ya tafiya sai ya ci tuwo a zaure. Shi da Baba sukan gaisa tun tuwon yana tururi har ya yi sanyi. A tambayi gida, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a koma kan gida in an manta wani lungu. Cinikin kansa kuwa bai kai tsawon atishawa ba. Alhaji ya faɗi abin da zai bayar, Baba ya ce, "Allah ya sa albarka." Ban taɓa jin ya ce a ƙara ba.

Akwai lokacin da naira ta yi ta faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Alhaji ya riƙa zuwa fuskarsa a washe, don sefarsa kaɗan tana zama naira tuli. Mu kuma buhun abincin kifi ya riƙa hawa, domin mai kyawun daga waje ake shigo da shi, na gida ma masu yin sa sun ce kayan haɗinsa dala suke bi. Ga man janareto na jawo ruwa, tunda wuta sai ta ga dama take leƙo mu. Baba yakan tsaya bakin kwami yana watsa abinci yana cewa, "Ku ci, ku ci. Dala kuke ci, 'yan gata." Amma ya ɗaga baki ya ce wa Alhaji kaya sun tashi, wannan bai yiwu ba. In Umma ta yi magana sai ya ce, "Mutum ya riƙe mu da amana, sai mu tsaya muna yi mashi lissafi?"

Baba yana da doka biyu game da kifinsa. Ta farko, ba ya sayar wa baƙo. Masu gashin kifi na Ƙofar Ƙaura sun zo, ya ce, "Ku yi haƙuri, na riga na yi magana da mutum." Wata Iya mai kifi daga Babbar Kasuwa ta zo da kanta, ta sha rana, ya ba ta ruwan sanyi, ya ce, "Kifin Alhaji ne." Ta biyu, ba ya sayar wa maƙwabci. Idan yaro ya shigo da kwano ya ce an ce a sayar musu da guda ɗaya, sai Baba ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! In karɓi kuɗin maƙwabcina? Da wane ido zan dube shi a masallaci? Ke, kamo mashi biyu." Na nesa a hana shi, na kusa a ba shi kyauta. Kasuwarmu ke nan gaba ɗaya, kuma ta yi ta tafiya lafiya muddin akori-kura tana zuwa.

Sai wata safiya rediyo ta ce an rufe boda. Manya sun sami saɓani, an ja sarƙa a Jibiya, ba shiga ba fita. Kifinmu kuwa a lokacin ya isa kamu, kwami uku cike, sun yi ƙiba har suna gogar juna.

Alhaji ya bugo waya. Baba ya sa ta a bainar jama'a, don kunnensa ɗaya ya fara ritaya shi ma.

"Malam, haƙuri za mu yi. Kwana biyu ne, za su buɗe. Ka riƙe mani kihina."

"Yana nan, Alhaji. Ko shekara za a yi, yana nan."

Umma tana tankaɗe, ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai.

Matsalar ita ce tarwaɗa ba ta sauraron rediyo. Ba ta san an rufe boda ba, kuma ko ta sani ba ruwanta. Gari na wayewa za ta buɗe baki. Kifin da ya isa kamu kuma, duk abin da ya ci bayan nan asara ce, don girman da yake ƙarawa bai kai abin da yake haɗiya ba. A yi banda a ajiye? Umma ta ce ƙwari za su cinye kafin manya su shirya. Kwana biyun Alhaji suka zama makonni. Buhunan da ke jingine a zaure suka riƙa raguwa, Baba ya riƙa rage awo. Daga ci biyu a rana aka koma ɗaya, daga ɗaya aka koma abin da Umma ta kira yayyafi.

Su kuwa suka nemi mafita da kansu. Wata rana na leƙa kwami na ga wata ƙatuwa tana yawo da jelar 'yar'uwarta a baki, hankalinta kwance kamar mai tsotsar rake. Na kira Baba. Ya duba, ya ce wasa suke yi. Washegari wasan ya ci wasu. Kullum da safe sai mu tsamo kawuna suna yawo a saman ruwa. Manyan suka ƙara zama dodanni, ƙananan suka koma laɓewa a kusurwa suna istigfari.

An gwada hanyar daji sau ɗaya. Alhaji ya turo wani mai babur da ya san bayan gari, aka ɗaura masa kwali guda na banda. Baba bai so ba, ya ce shi tsohon ma'aikaci ne, amma ya juya baya har aka gama ɗauri. Da yamma Alhaji ya bugo. "Malam, kihi kuka aiko ko yaji?" Gargada da gudun tsira sun niƙe kifin lilis. Ba a sake ba.

Ranar nan Umma ta ajiye muciya ta ce, "Malam, in wannan zubin ya lalace, da mi za ka sake zuba wani?"

Baba ya hau gyara zaman hula.

"Babu," in ji ta. "Ni na sani, kai ma ka sani. Kwamin nan wurin shanya za su zama. Ka sare mani darbejiya a banza."

Abin da ke ƙasa ke nan, kowa ya gane. In kifin nan suka ƙare a cikin juna, sana'ar Baba ta ƙare, sai zaman majalisa da carbi.

Da ƙyar ya yarda a fara da unguwa, ya ce wannan ba cin amana ba ne, rage cunkoso ne. Aka ba ni gawayi na rubuta a bangon ƙofar gida da manyan baƙaƙe cewa ana sayar da kifi. Na ƙara da zanen tarwaɗa mai gashin baki, wadda mutane suka ce ta yi kama da wani mai shayi na bakin titi, har ya aiko da gargaɗi.

Baba ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zauna a matsayin mai kanti. Wadda ta fara zuwa ita ce Gwaggo mai ƙosai, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, da roba a hannu.

"Malam, ashe an fara rabo? Allah ya saka da alheri."

Baba ya buɗe baki, na ga farashin ya taso har maƙogwaro, ya tsaya, ya koma. "Ke, kamo wa Gwaggo uku."

Kafin azahar labari ya zaga Ƙofar Guga cewa Malam yana sadakar kifi saboda a buɗe boda. Aka yi layi. Har da wasu da ban taɓa gani ba, suna rantsuwa cewa kakanninsu sun yi maƙwabtaka da kakanninmu kafin a gina ganuwa. Duk wanda ya ciro kuɗi, Baba ya ce, "Haba, haba, mayar." Ranar an yi mana addu'a mai yawa. Da addu'a tana shiga buhu, da mun ciyar da kifin har baɗi.

Washegari Umma ta naɗe tabarmar da kanta. "Malam, tafi majalisa. Kada ka dawo sai an kira magariba." Ta tsaya daga bayan ƙyaure, ni ina bakin ƙofa ina isar da saƙo. Gwaggo ta dawo, wannan karon da bokiti.

"Umma ta ce na sayarwa ne," na ce.

"Sayarwa? Ni? Ni da na yi maki wankan jego... wato na yi wa uwarki, ranar da aka haife ki kina ihu kamar akuya?"

Umma ta leƙo. "Gwaggo, ina kwana. Ƙosan da nake aikowa a saya kullum, kyauta kike ba mu?"

"Wannan ai sana'a ce."

"To wannan mi ne, wasan yara?"

Gwaggo ta tsaya, ta yi tsaki, ta kwance bakin zane ta sayi ɗaya, mafi ƙanƙanta, tana cewa duniya ta lalace. Wasu suka bi Baba har majalisa da kwanoninsu, sai da ya koma wani masallaci can wajen unguwa.

To amma ko da kowa ya biya, unguwa ba za ta cinye kwami uku ba. Bakatsine in ya sami kuɗi nama yake nema. In kuma kifin yake so, ga na ƙanƙara nan da ake shigo da shi daga ƙasashen Turawa, ya fi namu araha. Wannan abu ya daɗe yana ɗaure mini kai. Kifin da ya hau jirgin ruwa, ya hau tirela, ya kwana cikin firji, ya fi wanda aka haifa a bayan ɗakinmu sauƙi. Na tambayi malaminmu na tattalin arziki, ya yi bayani mai tsawo, na gane rabinsa, rabin da na gane kuma bai rage wa tarwaɗa yunwa ba.

Sai Umma ta ce mu je wurin Iya. Muka cika ƙaramin kwali da zobban da muka fi alfahari da su, muka hau a-daidaita-sahu zuwa Babbar Kasuwa. Iya Bayarabiya ce, amma a Katsina aka yanke mata cibi, Katsinancinta ya fi nawa kauri. Muka same ta a rumfarta tana korar ƙuda da mafici. Aka gaisa sosai. Ta dubi kwalin, ta dube mu.

"Wannan ba kifin Alhaji ba ne?"

"Iya, a yi haƙuri," in ji Umma.

"A'a, tambaya na yi. Kada in taɓa kayan mutane, a kai ni kotun Maraɗi."

Ta bar mu muka ɗan soyu a tsaye, sannan ta ɗauki ɗaya. Ta shinshina, ta ƙwanƙwasa shi a jikin benci, ta ɓalla shi biyu. Ta ce, "Maman yara, wannan gawayi ne mai ido."

Ta yi mana bayani. Ita kayanta Ikko take turawa. A can akwai masu sake zuba shi a leda su aika wa 'yan ƙasarmu da ke zaune a Turai, waɗanda kewar miyar gida ta dama. Su kuma Turawan da ke tsaron ƙofar ƙasarsu ba sa wasa. In suka ga baƙin hayaƙi, ko yashi, ko tsinke, ko hanji a ciki, sai su ƙone kayan gaba ɗaya, su kuma sa wa mai aikowa ido. Don haka ita tana son a fasa ciki a cire komai, a wanke tas, a ƙyafe a kan garwashin gawayi a hankali, ba harshen wuta, ba hayaƙi, har ya yi launin zuma. Naɗin ma ba da tsinke ba, sai dai a cusa jelar ta riƙe kanta.

"In kin iya, kawo. In ba ki iya ba, ga masu iyawa nan da yawa."

A hanyar komawa Umma ta rungume kwalin, ta kafa wa titi ido. Mace ce da duk dangi suka san ta da banda, yau an kira aikinta gawayi a tsakiyar kasuwa. Na so in yi mata ta'aziyya, na ga fuskarta, na fasa. Muna shiga gida ta ce, "Je ki sayo gawayi."

Baba ya ga ana fasa cikin kifi ya tsaya. "Alhaji fa? Ai ba haka yake so ba."

"Alhaji yana bayan boda," in ji Umma, "kifinsa kuma yana cikin cikin ɗan'uwansa."

Baba ya ce to bari ya nemi izini, don kada a ji daga baya. Ya sa kati, ya buga. Suka gaisa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi wani raƙumi da Alhaji ya taɓa ambata. Yana cewa, "Af, Alhaji, dama wata 'yar magana ce," kati ya ƙare. Ya dubi wayar da fuskar wanda aka yi wa rahama. Bai sake sa wani ba.

Sabuwar bandar ba ta zo da sauƙi ba. Na farko ya ƙone, don hannun Umma ya saba da wuta mai yawa. Na gaba ya yi kyau a ido, amma cikinsa da danshi, kafin mu kai kasuwa ya fara furfura. Iya ta dawo mana da shi ba tare da ta ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ni kuma na koma 'yar koyo a aikin da na ƙware, jela tana kuɓuce mini, tarwaɗa tana miƙewa a kan raga kamar mai hamma. Muka ci kifin da aka ƙi har na fara jin gashin baki yana tsiro mini. A ƙarshe dai wata rana Iya ta ɓalla ɗaya, ta ɗanɗana, ta ce, "To." Daga bakin Iya, wannan lambar yabo ce.

Saura dodannin, waɗanda suka yi ƙiba da naman 'yan'uwansu. Iya ta ce sun yi girma, ba sa bushewa. Nan na shigo. Na kama ɗaya, na sa ƙanena ya miƙo ta dab da idon waya shi kuma ya ja baya, na ɗauki hoto. A hoton tarwaɗar ta fi yaron tsawo. Na tura wa wata ƙawata da yayanta yake gashin kifi a Ƙofar Ƙaura. Kafin la'asar ga shi a ƙofar gida da babur da ƙatuwar roba.

"Ina wadda na gani a hoto?"

"Ta yi nitso," na ce. "Ga ƙannenta."

Ya yi dariya, ya ce ni 'yar damfara ce, amma ya leƙa kwami ya ga abin da yake so. Su masu gashi da rai suke saye, kuma manya, don mai ci yana son ya nuna da yatsa ya ce waccan. Ya kwasa, ya gaya wa abokan sana'arsa, su ma suka zo. Baba yana ganinsu sai ya shige ɗaki, don ya tuna ranar da ya sallame su.

Da haka kwami suka koma fayau. Ba a sami abin da aka saba samu ba, an yi asarar waɗanda aka cinye da waɗanda aka yi sadaka, amma abin da ya rage ya isa a sake zubi. Wannan karon Umma ta hana a zuba su rana ɗaya. Aka fara da kwami guda, aka jinkirta, aka zuba na biyu, aka jinkirta, aka zuba na uku, domin Iya tana son matsakaita a kai a kai, masu gashi suna son manya, kuma ba wanda yake son duka a lokaci guda.

Ana nan sai rediyo ta ce manya sun shirya, an buɗe boda. Ba a yi mako ba muka ji ƙugin akori-kura a ƙofar gida. Baba yana alwala, butar ta suɓuce masa.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo tuwo. Gaisuwar ranar ta fi ta kullum tsawo, don akwai bashin watanni, kuma Baba yana ta ƙaro tambayoyi don kada a iso inda za a iso. Har lafiyar tayoyin mota ya tambaya. Ni ina shiga ina fita da ruwa. Umma tana bayan ƙyaure tana tari, tarin da ba na mura ba.

Alhaji ya wanke hannu ya ce, "To Malam, a kama mani duka. Mutanena sun ƙagu."

Baba ya dubi tabarma. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Tarin bayan ƙyaure ya ƙaru, har Alhaji ya ce a ba maiɗakin zuma. Na riga na shirya in faɗa da bakina in sha duka daga baya, sai Baba ya miƙe ya ce, "Alhaji, taso mu je baya."

Na bi su da buta, don a ce aiki nake. Baba ya tsaya gaban kwami na farko, ya ɗora hannu a kan siminti.

"Wannan naka ne." Ya matsa. "Wannan na wata baiwar Allah ne a kasuwa." Ya ƙara matsawa, muryarsa ta yi ƙasa. "Wannan na masu gashi."

Alhaji ya leƙa kwamin, ya juyo.

"Malam, ba ka ce ko shekara za a yi ba?"

"Na ce."

"To?"

"Na faɗa, kuma ban cika ba. Da na cika, da yau ka tarar da shanya a nan. Ni da kai ba mu da sarƙar Jibiya a hannu, Alhaji. Gobe in suka sake ja, wa zan kai wa kuka?"

"Ni ma ai ba ni na rufe ba."

"Na sani."

Ba wanda ya ɗaga murya. Alhaji ya ce to a yi masa bandar kwaminsa, zai dawo ya ɗauka. Ya fita, bai tsaya shan shayi ba, sallamar ma gajera ce. Baba ya raka shi har mota, ya tsaya a bakin titi bayan motar ta ɓace. Da ya shigo Umma ta ce, "Sannu, Malam," ta ajiye masa kunu. Bai sha ba. Ya zagaya baya ya watsa wa kifi abinci, bai ce musu komai ba.

Muka yi wa Alhaji nasa yadda yake so, baƙi ƙirin, da tsinke. Ranar da ya dawo ɗauka, bayan an gaisa daidai gwargwado, ya buɗe bayan mota ya sauko da sikeli, abin da bai taɓa zuwa da shi ba. Ya ajiye shi a tsakar zaure, ya ce tunda abin ya zama kasuwa, to a yi kasuwa.

Baba ya dubi sikelin, ya dubi Alhaji. Ya tsuguna, ya taɓa shi da yatsa, sikelin ya yi rawa.

"Ke," ya ce mini, "samo ɗan dutse a tokare shi. Daɓen nan ba daidai yake ba."